Silifa: Inda Ta Dace da Inda Ba Ta Dace Ba

1. Takalmin kowa da kowa

Ranar kasuwa, ko a Maraɗi ne, ko Damagaram, ko Tawa, ba a rasa rumfar mai takalma. Ga su nan tsibi tsibi bisa tabarma, ja da shuɗi da kore, manya da ƙanana. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne silifa. Waɗansu na ce mata takalmin danƙo, waɗansu takalmin wanka. Masu jin faransanci kuwa su kan ce mata tapette.

Silifa ba ta da tarkace. Tafi ne guda ɗaya na roba, da igiya mai reshe biyu wadda ta kama ƙafa dama da hagu. Inda rassan nan suka gamu akwai ɗan hanci, shi ne ke shiga tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Iyakar ƙirarta ke nan.

Mutane na son ta saboda dalilai da yawa. Tana da araha. Ba ta da nauyi. Ruwa ba ya ɓata ta. Ƙafa na shan iska a cikinta, ga ta kuma da sauƙin sawa da sauƙin tuɓewa. Don haka sai ka ga yaro da ita ya je rijiya, da ita ya je lakkwal, da ita ya bi awaki daji, da ita kuma ya hau bayan moto. Amma fa ba dukan wuraren nan ne suka dace da ita ba. Akwai inda take tsare ƙafa, akwai inda take jawo wa ƙafa rauni, akwai kuma inda ladabi ya sa a tuɓe ta a bakin ƙofa.

2. Daga ina ta fito?

Takalmi mai hanci tsohon abu ne ƙwarai. Mutanen Masar na zamanin fir'aunoni sun saƙa irinsa da ganyen dabino da wata ciyawar bakin kogi mai suna fafirus. A shekarar 1922, da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamon, an tarad da takalma masu yawa a ciki, alhali sun yi shekara fiye da 3000 a rufe.

A ƙasar Japan ma akwai wani takalmi mai hanci da ake saƙawa da ciyawar shinkafa, sunansa zori. Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, sai Japanawa suka shiga yin irinsa na roba suna sayarwa ƙasashen waje. A 1962 wani kamfani na ƙasar Brazil ya fito da tasa silifar mai suna Havaianas. An yi wa tafinta zane kamar ƙwayoyin shinkafa, don tunawa da zori. Tun daga zamanin nan silifar roba ta bazu ko'ina cikin duniya. Wata da danƙon itace ake yin ta, amma mafi yawa da robar da ake samu daga man fetur.

Ƙasar Hausa ba ta jira silifa ba kafin ta san takalmi mai hanci. Tun kaka da kakanni majema ke jeme fata da bagaruwa, dukawa kuma na ɗinka fade da balka. Fatar jar akuya ta Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushinta da ƙarkonta. A Yamai, cikin gidan tarihi na ƙasa wanda aka kafa a 1959, ana iya ganin dukawa zaune suna aikinsu. Silifa baƙuwa ce da ta tarad da ƴan gida.

3. Abin da silifa ke tsarewa

Kafin a san inda takalmi ya dace, sai a dubi ƙafar da za ta shiga cikinsa. Ƙafa guda, daga idon sawu zuwa yatsu, tana da ƙashi 26. Jijiyoyi ne suka ɗaure su, fata kuma ta rufe. Fatar tafin ƙafa tana da kauri. Ta bayan ƙafa da ta tsakanin yatsu kuwa siririya ce, ba ta da wuyar hujewa.

To, silifa tafin ƙafa kaɗai take rufewa. Yatsu na waje, bayan ƙafa na waje, idon sawu na waje. Diddige ma ba abin da ya riƙe shi. Shi ya sa take yin fat fat in ana tafiya: duk taki sai ta rabu da diddige, sa'an nan ta komo ta buge shi. Don kada ta suɓuce, yatsu su kan danƙe ta ko mai ita bai sani ba, taki kuma ya kan gajarta.

Daga nan ake gane dokarta. In abin tsoro a ƙarƙashin ƙafa yake, kamar ƙazanta ko zafin ƙasa, silifa na da amfani. In kuwa daga sama zai faɗo, ko daga gefe zai fito, ko kuma aikin na gudu ne, silifa ba ta isa ba.

4. Inda silifa ta dace

Wurin wanka. Nan ne gidanta na fari. Ruwa da sabulu na lalata takalmin fata, amma ba su yi wa roba kome. A makewayin da mutane da yawa ke shiga, kamar na makarantar kwana ko na tasha, ƙasa ba ta bushewa. Cikin damshin nan ake ɗaukar cutar da ke sa tsakanin yatsu ya yi fari, ya yi ƙaiƙayi, ya tsage, wadda ake kira cin ruwa. Mai silifa ya rage wa kansa wannan wahala, musamman in ya goge tsakanin yatsunsa bayan wanka.

Masai da bayan gari. Wannan shi ne wuri mafi muhimmanci. Akwai wata tsutsar ciki da ake kira tsutsa mai ƙugiya. Tsawonta wajen santimetir ɗaya ne. Tana maƙale a jikin hanjin mutum tana shan jininsa, tana kuma yin ƙwai dubbai kowace rana. Ƙwan na fita tare da bayan gida. In ya sami ƙasa mai damshi da inuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ya ƙyanƙyashe. Bayan kamar mako guda ƴaƴan sun isa kama mutum. Ƙanana ne ƙwarai, ba su kai milimetir ɗaya ba. Wanda ya taka wurin ba takalmi, sai su huda fatarsa su shiga. Jini ya kai su huhu, daga huhu su hau maƙogwaro, mutum ya haɗiye su ba da saninsa ba, su sauka hanji su girma. Yaron da ke ɗauke da su da yawa ya kan rasa jini. Sai a ga cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, yana gajiya da wuri, yana gyangyaɗi a aji, ba ya riƙe karatu. Akwai maganin tsutsar a gidan likita, amma rigakafi ya fi magani. Gina masai da sa takalmi su ne ke datse mata hanya. A nan ƴar silifa mai araha tana aikin da ya fi kuɗinta nesa.

Tsakar gida. Inda kaji da awaki da tumaki ke yawo ba ya rabuwa da kashi. Silifa na raba ƙafa da shi. Da ita ake shara, da ita ake wanki da wanke-wanke. A bakin ɗaki sai a tuɓe ta, don kada a kai ƙazantar waje bisa tabarmar da ake zama, ake cin abinci, jinjiri kuma ke rarrafe.

Wurin alwala. Wanda ya wanke ƙafafunsa yana so ya isa masallaci ba su ɓaci ba. Silifa na karɓar jiƙaƙƙiyar ƙafa, ta bushe nan da nan. Maza masu aikin hajji ma, in sun ɗaura harami, takalmin da bai rufe idon sawu ba suke sawa, shi ya sa alhazai da yawa ke tafiya da silifa cikin kayansu.

Lokacin bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40 a inuwa. Rairayi da kwalta kuwa sun fi iska zafi ƙwarai, da tsakar rana su kan wuce digiri 60. Irin wannan zafi na ƙona tafin ƙafar yaro. Silifa na tsare shi, ba ta kuma tara gumi kamar takalmi rufaffe.

Ƴar gajeriyar tafiya. Aike zuwa kanti, zuwa gidan maƙwabta, zuwa injin niƙa, ko zuwa lakkwal in tana cikin gari, duk silifa ta isa, in dai da rana ne, hanya kuma a share take. Cikin aji ma ba ta da laifi in tana da tsabta. Abu guda ne ba a so: jan ƙafa. Mai jan silifa yana ta da ƙura, yana damun masu karatu, yana kuma cinye takalminsa da wuri.

Bakin rijiya da famfo. Silifa ta dace da wurin saboda ruwa, amma da sharaɗi. In tafinta ya cinye ya yi sumul, tana santsi bisa jiƙaƙƙen siminti. Mai jan guga ko mai ɗauke da tulu, in ƙafarsa ta zame a bakin rijiya, abin ba ya yin kyau. A je da mai sauran zane a ƙarƙashinta.

5. Inda silifa ba ta dace ba

Gona da daji. Ƙayar aduwa doguwa ce mai ƙarfi, ta kan huda tafin silifa ta kai ga nama. Haka ƙayar bagaruwa da ta farar ƙaya. Ƙarangiya na kama bayan ƙafa, tsidau na shiga tsakanin diddige da takalmi. Bayan girbi kuma tushiyar gero da ta dawa na tsaye kamar tsinke. Ga hauya da gatari, waɗanda in sun kuɓuce bisa yatsu suke sauka.

Raunin gona ba abin rainawa ba ne, kome ƙanƙantarsa. Cikin ƙasa da takin dabbobi akwai ƙwayar wata cuta mai suna tetanos. Ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙaya ko tsohuwar ƙusa. Daga kwana 3 zuwa kwana 21 bayan raunin, sai haƙoran mutum su sarƙe, wuyansa da bayansa su sandare. Cutar na kisa. Wanda ƙaya ko ƙarfe ya huda, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai shi gidan likita a duba ko yana bukatar allurar rigakafi. Kada a sa wa rauni ƙasa, ko toka, ko kashin shanu.

Cikin haki da cikin duhu. Macizai sun fi fitowa da damina, daga farkon ruwa har kaka. Kububuwa ƴar ƙarama ce, ba ta cika wuce santimetir 60 ba, launinta kuma irin na ƙasa ne. Amma dafinta na hana jini daskarewa, har ya riƙa fita ta dasashi da bakin rauni. Kasa kuwa kwance take bisa hanya, ba ta gudu in ta ji taki. Mafi yawan saran maciji a ƙafa ne ko a ƙwauri, wato daidai inda silifa ta bari a buɗe. Kunama ma da dare take yawo. Mai shiga haki, da mai ban ruwa a garka da asuba, da mai kwasar kara ko ɗibar itace, takalmi rufaffe ya kamace su, in da hali mai dogon wuya. Sai dai kafin a sa shi a kakkaɓe, don kunama na son kwana a ciki.

In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tam da igiya. A kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a ɗauke shi zuwa gidan likita da gaggawa. Can ne ake samun allurar kashe dafi.

Kusa da wuta. Mai tuƙa tuwo ta san yadda talge ke tsalle. Mai suyar ƙosai ta san yadda mai ke fantsama. Duk abin da ya zubo daga murhu bisa bayan ƙafa yake sauka. Ban da wannan, roba na narkewa. Wanda ya taka garwashi da silifa, sai ta narke ta manne masa. A gida dai mata da yawa da silifa suke girki, to sai a yi hankali: a share garwashi, a ja ƙafa baya in za a sauke tukunya, a kuma hana ƙananan yara wasa a gindin murhu. Maƙeri da mai walda da magini kuwa, aikinsu ba na silifa ba ne sam. Tartsatsi da guntun ƙarfe da bulo ba su san yatsa ba.

Bisa moto da keke. A garuruwa irin Maraɗi da Damagaram mutane da yawa na hawa kabu-kabu. Bututun hayaƙin moto na yin zafin da ke sale fata da taɓawa guda. Silifa kuma na iya suɓucewa ana cikin gudu. Yaro ya miƙa ƙafa zai tare ta, sai diddigensa ya shiga cikin wayoyin ƙafar baya. Irin wannan rauni na da wuyar warkewa. Mai tuƙin moto da ƙafa yake taka birki, da ita yake canza giya, da ita kuma yake dafa ƙasa in ya tsaya, saboda haka yana bukatar takalmin da ya kama ƙafarsa. Haka direban mota: silifa na iya naɗewa a ƙarƙashin birki daidai lokacin da ake son tsayawa. Yaron da aka ɗauka a baya, in silifa gare shi, ya ɗora ƙafafunsa bisa matakansu, kada ya sake su suna lilo. In takalmin ya faɗi, ya gaya wa mai tuƙi ya tsaya.

Gudu da wasa. Mai gudu da silifa yana tare da tuntuɓe. Ko hancin ya tsinke, ko gabanta ya naɗe, ko ƙafa ta zame gefe a sami targaɗe. Ƙwallo da tsalle da tsere takalmi mai igiya suke so. Wani zai ce, ai ƴan kokowa ba su sa takalmi. Gaskiya ne. Tun kokowar ƙasa ta fari, wadda aka yi a Tawa a 1975, har zuwa yau, ƙafa tsirara ake neman takobi. Amma filin kokowa an gyara shi, an zuba masa rairayi mai laushi. Saboda haka in za a yi langa ko ƙwallo, ba kuwa takalmin wasa, sai a fara tsince ƙaya da kwalba da gwangwani daga filin, a ajiye silifa gefe guda.

Doguwar tafiya. Tun da yatsu ne ke riƙe silifa, in tafiya ta yi nisa su kan gaji, tafin ƙafa da dambubu su yi ciwo. Hancin ya kan goge tsakanin yatsu har ya yi bororo. Mai zuwa kasuwar ƙauye da kaya a kai, ko ɗan makarantar da ke tafiyar kilometir da yawa kullum, gara ya sami takalmi mai maɗauri a diddige. Makiyaya da manoma da yawa na sa takalmin da aka yanka daga tsohuwar tayar mota. Ba shi da kyan gani, amma ƙaya ba ta cika huda shi ba.

Cikin tabki. Waɗansu na tsammani in sun shiga ruwa da silifa sun tsira daga cuta. Ba haka ba ne. Tsargiya, wato fitsarin jini, daga wata tsutsa take wadda ke girma cikin katantanwar ruwan kwance. Ƴaƴanta na iyo cikin ruwan, su shiga ta duk inda ya taɓa fata. Takalmi buɗaɗɗe ba ya hana su. Ga shi kuma laka na riƙe silifa, a fito da ƙafa ɗaya. Kurkunu kuwa, ko da yake a ƙafa ya kan fito, ba ta ƙafa yake shiga ba, ta ruwan sha ne. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kau da shi daga Nijar.

Lokacin ɗari. In hunturu ya sauko, iska busasshiya ce, ga ƙura. Diddigen da ke waje kullum ya kan yi kaushi, ya yi faso, har ya yi jini. Mai sa silifa a wannan lokaci ya riƙa wanke ƙafa da dare, ya goge kaushin, ya shafa man kaɗe ko wani mai.

Akwai kuma waɗanda silifa ba ta dace da su ba ko a gida. Ciwon sukari, in ya daɗe, ya kan kashe jin ƙafa. Mai shi na iya taka ƙaya bai ji ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Likitoci na umurtar irin waɗannan mutane su sa takalmi rufaffe mai laushi, su riƙa duba ƙafafunsu kullum. Tsoho mai rawar ƙafa da yaron da ya fara tafiya su ma silifa na ka da su.

6. Takalmi da ladabi

Ba lafiya kaɗai ake dubawa ba wajen sa takalmi. Akwai al'ada.

A ƙasar Hausa tuɓe takalmi alamar girmamawa ce. Ba a shiga masallaci da shi. Ba a taka tabarma ko buzun salla da shi. Mai zuwa gaisuwa fadar Sarkin Damagaram, ko ta Sarkin Katsinan Maraɗi, ko ta Sarkin Gobir a Tsibiri, tun daga waje yake tuɓewa. Haka ake yi a zauren maigari da na malami. Saurayi in zai gai da surukinsa ya kan tuɓe, ya durƙusa. A nan silifa da balka duk ɗaya ne, kowanne a bakin ƙofa yake kwana. In an tuɓe kuma ba a watsar ba, a kan jera su gefe, don kada mai shiga ya yi tuntuɓe.

Akwai kuma wuraren da ake son mutum ya zo da shiga ta kamala: ranar salla, ɗaurin aure, suna, zuwa biro neman aiki ko karɓar takarda. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Babbar riga da silifar wanka ba su tafiya tare. Wanda ke da takalmin fata, ranar ce ranarsa. Silifar da ake shiga masai da ita kuwa, ba a zuwa da ita cikin taro ko wurin abinci. Gidan da ke da hali ya kan ware guda ya ajiye a ƙofar makewayi.

Amma akwai gidaje da yawa inda yaro takalmi guda gare shi, shi ne kuwa silifa. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma ɗan makarantar kirki ba ya yi wa ɗan'uwansa dariya saboda takalminsa. Da babu gara ba daɗi. Silifa wankakka ta fi takalmi mai tsada mai dauɗa. Wanda ba shi da wani sai ita, ya cika da hankali abin da takalmin ya rage. In dare ya yi ya riƙe fitila. In zai shiga haki ya riƙe sanda yana bugawa gabansa. Ya bi tsakiyar hanya, ya dubi inda zai taka, kada ya yi gudu. In an sayar da gyaɗa ko wake da kaka, an tashi yi wa yara sayayya, ana iya tuna wa iyaye cewa takalmi mai maɗauri ya fi kuɗin magani sauƙi.

7. Zaɓe da kulawa

Mai sayen silifa ya gwada ta a tsaye. Diddige ya zauna duka a ciki, a sami saura kamar faɗin yatsa guda a baya. Yatsu kada su leƙo gaba. Wadda ta yi kaɗan tana barin diddige a ƙasa. Wadda ta yi yawa tana sa tuntuɓe, don haka yaro ba ya fita da ta babansa. A lanƙwasa ta a gani: mai kyau wajen yatsu take lanƙwasuwa, wadda ta naɗe biyu kamar fanke ba ta da ƙarko. A juya ta a dubi ƙarƙashi, a ga ko da zanen da ke hana santsi.

Silifa na son wanki da sabulu ko toka, a shanya ta a inuwa. Rana mai zafi na busar da roba ta tsattsage.

In hanci ya fita, yara da yawa su kan soka masa ƙusa ko waya daga ƙasa. Wannan gyara na da haɗari, don ƙarfen na iya juyowa ya soki ƙafar da aka ce ana tsarewa. Gara a kai wa baduku ya ɗinke, ko a sa sabuwar igiya. In diddigenta ya huje, ko tafin ya cinye gefe guda, kwananta ya ƙare.

Tsohuwar silifa ba ta ruɓewa kamar fata. In an yar da ita a gona ta kan yi shekaru tana nan. In an jefa ta a lambatu ta kan toshe hanyar ruwa. Ba a sa ta a murhu, don hayaƙinta na cutar da huhu. Yara masu dabara su kan yanka ta su yi wa motar kara ƙafafu.

A riƙe

Silifa tafin ƙafa kaɗai take tsarewa.
Ta dace da wurin wanka, da masai, da tsakar gida, da gajeriyar tafiya da rana.
Ba ta dace da gona, da duhu, da wuta, da moto, da gudu ba.
Ana tuɓe takalmi a masallaci, da fada, da gaban manya.
Kowane irin takalmi ya fi tafiya ƙafa tsirara a wuri mai ƙazanta.

Tambayoyi

1. Waɗanne sassan ƙafa ne silifa ta bari a buɗe?
2. Ta yaya tsutsa mai ƙugiya ke shiga jikin mutum? Ina take bi kafin ta kai hanji?
3. Don me ba a raina raunin ƙaya ko na ƙusa?
4. Me ake yi wa wanda maciji ya sara? Me ba a yi masa?
5. Don me silifa ba ta hana tsargiya?
6. Ƴan kokowa ba su sa takalmi. Mene ne bambancin filinsu da bayan gari?
7. Mene ne ma'anar karin maganar nan: araha ba ta ado?

Aiki

1. Ku zana silifa cikin littattafanku, ku rubuta sunan kowane sashe nata da hausa da faransanci.
2. Ku ɗora ƙafa bisa takarda, ku zagaye ta da fensir, ku auna tsawonta da santimetir. Ku auna takalminku, ku gwada su biyun.
3. Ku ja layi ku raba shafi biyu. A dama ku rubuta wurare biyar inda silifa ta dace, a hagu biyar inda ba ta dace ba.
4. Ku tambayi wani dattijo ko baduku na garinku sunayen takalman da ake sawa kafin zuwan silifa, da wanda ke sa kowanne. Ku kawo amsa aji.
5. Ku fita tare da malaminku ku tsince ƙaya da kwalba da gwangwani daga filin wasan makaranta.